Inda Madubi Ba Ya Kamawa

Kawu ya fi jajanta wa bambar mota fiye da wuyana. A ranar hatsarin ban ga laifinsa ba, don bamba ta lotsa kowa yana gani, ni kuwa da ƙafafuna na fito ina zazzaga wa mai laifi masifa.

Ni malamar koyar da tuƙi ce a makarantar Kawu, ƙanin mahaifiyata. Makaranta dai an ce makaranta: fili ne mai katanga, da ofis ɗaki ɗaya, da sito, da mai gadi, da motoci biyu. Ja ta Dogo ce, ɗaya malamin. Fara tawa ce. Ba sunana ne a takardunta ba, amma ni na san inda kulocinta yake kamawa, ni na san giyarta ta biyu sai da lallashi, kuma a cikinta na koya wa matan da ko keke ba su taɓa hawa ba yadda za su shiga shataletale su fita ba tare da sun yi kuka ba. In aka raba ni da wannan motar, ban san me zan ce ina yi a duniya ba.

Ɗalibata a ranar wata dattijuwa ce da muke ce wa Hajiya Birki, saboda ko leda iska ta kaɗo kan titi sai ta tsaya ta ba ta hanya. Wasu ɗalibai biyu suna zaune a baya suna jiran a zo kansu. Muka iso danja, ta nuna ja, Hajiya ta tsaya tsaf a bayan layi, tsayawar da ba ta taɓa yin mai kyanta ba. Na juya kaina gare ta zan ce madalla, sai ji na yi an ingiza mu daga baya da ƙarfin tsiya. Wani mai motar kaya ne, idonsa na kan waya. Kaina ya tafi baya, ya dawo gaba, kafin in ƙarasa innalillahi an gama komai.

Babu jini ko ɗigo. Na baya tsorata kawai suka yi. Hajiya kuma gajeruwa ce, kanta bai wuce bayan kujera ba, kujerar ta tare mata. Ni ce ma na tuƙo motar zuwa makaranta, na ci abincin rana, na ba da labari har da kwaikwayon fuskar mai motar kaya.

Washegari na tashi, wuya ya ce bai san zancen ba. Ya sanƙare kamar an zuba masa siminti, ciwon kai ya taso daga ƙeya ya zagayo har bayan ido, kafaɗu suka yi tsami. In aka kira ni sai dai in juyo gaba ɗaya, da ƙafa da komai. Mama tana ganina ta dafe ƙirji ta ce sanƙarau ne, maza a tafi asibiti.

Likita ya duba ni sosai. Ya sa na matse masa yatsu, ya ƙwanƙwasa min gwiwar hannu, ya tambaya ko hannuwana suna mutuwa, ko ina jin kamar ana tsira min allura, ko ƙafa tana harɗewa in ina tafiya. Babu ko ɗaya. Zazzaɓi ma babu. Aka ɗauki hoto, ƙashi lafiya lau. Ya ce fizgar da kai ya yi ce ta ja tsoka da jijiyoyin wuya, irin wannan kuma ba ya fitowa a hoto, sau da yawa ma sai an kwana yake bayyana. Ya rubuta maganin rage zafi, ya ce in riƙa motsa wuyan a hankali, sannan in je sashen gashin ƙashi.

Mama ta ji "ƙashi lafiya" ta yi hamdala, ta ji "motsa wuya" ta yar da shi a ƙofar asibiti. Kafin yamma maƙwabciyarmu ta kawo wani abin soso mai kama da kwalar riga, wanda mijinta ya taɓa sawa, aka zagaya min shi a wuya aka manne. Gaskiya na ji daɗinsa, kai ya sami wurin zama. Batun gashin ƙashi kuwa Mama ta ce ba da ita ba, wai ta ji labarin wani da suka murɗe wa wuya ya koma kallon bayansa. Har riga ta ɗinka wa kwalar, kala biyu, don ta riƙa shiga da kayana.

Kawu ya ce in zauna a ofis in riƙa amsa waya kafin in warware. Na zauna. Ta taga nake kallon Dogo yana fita da farar motata yana cusa mata giya ta biyu ba ko sannu, ina jin kukanta har cikin haƙorana. Makonni suka shige. Kowa ya shigo sai ya sassauta murya ya ce sannu Malama, ya jiki. Wuya kuma maimakon ya saki sai ƙara ɗaurewa yake. In na cire kwalar zan yi wanka, sai in ji kaina ya yi min nauyi kamar ba nawa ba.

Wata safiya Kawu ya ja kujera ya zauna kusa da teburina.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsu aka sa min, "na yi magana da wani direba. In sababbin ɗalibai suka fara, shi zai karɓi farar. Ke kin dace da ofis. Ga fanka, ga kujera mai laushi."

"Na dace da ofis?"

"Mai koyar da tuƙi da waiwaye yake cin abinci. Ke kuwa ko sallama aka yi miki ta gefe sai kin miƙe tsaye."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi min zafi. Na kuma san da hannun Mama a ciki, don tun ranar hatsarin take bin ƙanin nata da waya. Na ɗauki jakata na nufi asibiti, da takardar likita duk ta yamutse a ƙasan jaka.

Likitar gashin ƙashi wata 'yar siririya ce mai sanyin hannu da kaifin baki. Ban ga wuta ba, ban ga abin gashi ba, gado ne kawai da kujera da madubi. Ta dubi kwalata da rigarta mai fure.

"Wa ya rubuta miki wannan?"

"Maƙwabciyarmu."

"A wane asibiti take aiki?"

Ta ɓalle kwalar ta ajiye a tebur, ta ce in kalli dama. Na motsa kaɗan, kaɗan ɗin da ko ni na ji kunyarsa. Ta lallatsa ƙeyata da kafaɗuna, ta gwada ƙarfin hannuwana, sannan ta zauna gabana.

"Ranar da aka buge ku, tsokar nan ta ja fiye da ƙima ta ji ciwo. Irin wannan yana warkewa, kamar targaɗe. Abin da ke damunki yanzu rabi ciwo ne, rabi zama ne. Kin ɗaukar wa tsoka ɗan aiki, ita kuma ta miƙe ƙafa ta yi barci. Gaɓar da ba a motsawa kuwa ƙagewa take yi."

"Ai in na motsa zafi yake min."

"Zai yi. Akwai zafin da ke cewa na daɗe ban yi aiki ba, wannan ki bi da shi a hankali. Amma in ya fara harbawa zuwa hannu, ko hannu ya mutu, ko abu ya riƙa suɓuce miki, ko jiri mai ƙarfi ya ɗebe ki, kada ki jira ranar dawowa, ki zo a take." Ta ɗan yi rubutu. "Matashin kai na kujerarki a mota, a ina ya tsaya miki? Daidai saman kai ko ƙasa?"

"Babu shi."

"Kamar yaya babu shi?"

Sai da na yi mata bayani. A makarantarmu kujerun gaba duk gundul suke. Tun kafin in fara aiki Kawu ya zare matasan kan, don ɗaliban da ke zaune a baya su riƙa ganin titi da hannun mai tuƙi, suna koyo tun kafin a zo kansu. Dabara ce da yake alfahari da ita, yana faɗa wa duk wanda ya zo yin rajista. A wurinmu abin jingina ne na mai jin barci, malami kuwa ba barci ya shigo yi ba.

Likita ta ajiye biro.

"Ba don barci aka yi shi ba. Shi ke tare kai idan aka bugi mota ta baya. Kujera ta tura jikinki gaba, kanki ya tsaya a baya ba abin da ya tare shi, ga shi kuma a juye. Da yana wurinsa, wataƙila da abin bai kai haka ba." Ta gwada min da tafin hannunta a ƙeyata, samansa daidai da saman kai, kusa sosai, ba tazara.

Na fito daga wurinta raina a ɓace, kwala a cikin jaka, iska tana taɓa min wuya ina jin kamar kowa kallona yake.

Mama tana ninke kayan wanki na shiga. Ta ɗago ta ga wuyana ba komai.

"Ina kwalar?"

"Tana jaka. Can za ta zauna."

"Ni za ki kashe? Wuyan da ko tsayuwa bai iya ba?"

"Mama, zaman da ya yi ne ya hana shi tsayuwa."

"To ki zauna a ofis mana, wa ya kore ki? Ke kaɗai gare ni. Ranar nan da aka kira ni, ban san da wace ƙafa na fita daga gidan nan ba."

Na ji tausayinta, wallahi na ji. Amma na ce mata in tana son inda ba abin da zai same ni, sai dai ta sa ni a kabad ta kulle, ni mota zan koma. Ta yi kwana da kwanaki ba ta yi min magana sai da harara. Duk da haka kullum da safe sai in tarar da tawul da ruwan ɗumi a bakin ƙofata, don ta ji na ce ɗumi yana sassauta tsoka kafin a motsa ta.

Aikin da aka ba ni, in ka gani sai ka yi dariya. In zauna a miƙe, in juya kai dama a hankali har inda ya tsaya, in saki numfashi, in dawo, in yi hagu. In kwantar da kunne wajen kafaɗa. In ja haɓa ciki irin na mai jin haushi, wannan kam bai ba ni wahala ba. In juya kafaɗu baya. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, kuma kada in daɗe a kafe wuri ɗaya. Maganin zafin ma ta ce ba don in kwanta aka ba ni ba, don in iya motsawa ne.

Ni kuwa ba a haife ni da haƙuri ba. Da na ga ya fara saki, na ce bari in gama da shi gaba ɗaya in huta. Na sa hannu na tura haɓata da ƙarfi, na yi ta yi kamar mai kwance noti. Washegari ko farantin gabana ban iya sunkuyawa na kalla ba. Na je wa likita ido jawur ina cewa shi ke nan na lalata komai.

"Ba ki lalata komai ba," ta ce. "Kin tsokane shi ne ya rama. Zai lafa. Ke da kike koyar da tuƙi, haka kike ce wa ɗaliba ta saki kuloci?"

"A hankali nake cewa."

"To."

Ba abin da na tsana kamar a kama ni da maganata, amma na haɗiye.

A makaranta kuwa, tun da kwala ta tafi, sannu ma ta bi ta. Dogo ya leƙo ofis yana kaɗa makullin farar a yatsa.

"A'a, Malama, ashe an warke. Dama an ce hoto bai nuna komai ba, ko?"

Ka ji fa. Da kwala ni nakasasshiya ce, ba kwala ni maƙaryaciya ce. Na ce masa, "Dogo, ciwon kan da kake sa min ma hoto ba ya nuna shi, amma yana nan."

Ranar na kama mai gadi na ce ya faɗa min inda matasan kan motocin suke. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya kai ni sito ya ɗaga wasu tsofaffin tayoyi, ga biyu nan yanar gizo ta rufe su. Na uku shi da kansa yake ta da kai da shi a benci, duk ya yi baƙi da man gashi, ya miƙo min yana ƙunƙuni. Na huɗu kowa ya san inda yake, ba dai wanda zai faɗa. Yana bayan Kawu a kujerar ofis, ya tokare ƙugu da shi shekara da shekaru.

Na shiga rungume da ukun.

"Kawu, ɗan tashi."

"In tashi in je ina?"

"Abin da ke bayanka na mota ne."

Ya kalli abin da ke hannuna, ya kalle ni. Na ga ya gane, don bai tambayi wanda ya aiko ni ba.

"In an mayar da su, na baya me za su gani?"

"Su leƙa. Wuyansu lafiya lau yake."

"Lallai wuyanki ya yi kauri, Uwata."

"Ya yi, Kawu. Shi ya sa nake zuwa asibiti."

Dogo da ke bakin ƙofa ya kasa riƙe dariya, wannan kuwa ya tunzura Kawu. Ya zaro matashin daga bayansa ya dangwarar a tebur.

"Wato ni na karya ki."

"Ban karye ba. Kuma ba zan tsufa a ofishin nan ina amsa waya ba."

"To ji nan. Ranar da sababbi za su fara, ki shiga farar, ki ɗaura bel, hannu biyu a sitiyari. Zan tsaya a baya ta gefe, inda madubi ba ya kamawa, inda mai babur ke ɓuya. In ɗaga yatsu. In kin waiwayo kin faɗi nawa ne, makulli naki ne. In kin kasa, kada in ƙara jin maganar mota a bakinki."

"Na yarda."

Da ƙarfi na faɗa. A lokacin haɓata ko rabin hanya zuwa kafaɗa ba ta kaiwa.

Likita ba ta yi murna da labarin ba. Ta ce ita ba ta son caca da wuya, amma kawun nawa bai yi ƙarya ba, wanda ba ya iya duba wannan kusurwar bai kamata ya hau titi ba, balle ya koyar. In ranar ta zo ban kai ba, ban kai ba ke nan, kada in kuskura in fizga. Ta ƙara min wani aiki, in dafe goshi da tafin hannu in tura kai ba tare da ya motsa ba, haka gefe da gefe, haka ƙeya, don tsoka ta dawo da ƙarfinta. Sannan ta ce wani abu da ban so ba.

"Kin lura duk lokacin da kika ce mota, kafaɗunki suna hawa har kunne?"

"Ni ba na tsoron mota."

"Ban ce ke ba. Kafaɗunki na ce."

Ashe da gaskiyarta. Ranar da na fara shiga farar, tana tsaye a fili ba makulli ba komai, zuciyata ta riƙa dukan ƙirjina. Dogo ya shigo da jar motar ya faka a bayana, ina ganinta tana girma a madubi duk jikina ya ƙame, wuya ya ɗaure tam. Na tsani wannan tsoron fiye da ciwon, don ciwo an ji min, tsoro kuwa ban san lokacin da ya shigo ba. Na ce to ni da kai. Kullum lokacin cin abincin rana sai in shiga in zauna, ƙeya a jikin matashin da na mayar, in sauke kafaɗu, in yi juye-juyena.

Hajiya Birki ta same ni a haka. Tun hatsarin ta ƙi yarda Dogo ya koya mata, ta ƙi kuma daina zuwa. Ta buɗe ɗaya ƙofar ta zauna, muka zama mata biyu a motar da ba ta zuwa ko'ina.

"Malama, ni na jawo miki."

"Hajiya, tunda nake da ke ba ki taɓa tsayawa mai kyau irin ta ranar ba. In kin sake faɗar haka sai na maimaita miki ajin farko."

Ta yi dariya tana share ido. Daga ranar ita ce mai duba min. Takan ce yau haɓa ta wuce ɗinkin wuyan riga, ko yau kam ta noƙe. Sauƙin ba a jere ya zo ba. Wata rana in tashi garau, wata rana ciwon kai ya dawo ba gayyata in ji kamar in fasa ihu. Amma wata safiya mai gadi ya gaishe ni ta gefe na amsa na wuce, sai da ya biyo ni ya ce, "Malama, yau fa ba ki juyo da ƙafa ba."

Ranar da sababbi za su fara, fili ya cika. Ga ɗalibai a jere a benci, ga Dogo, ga sabon direban da hularsa a hannu yana ta murmushin neman shiri. Mama ma ta zo, ba ta ce min za ta zo ba, ta tsaya can jikin katanga kusa da Hajiya. Wuyan bai tashi da kyau ba a ranar, ban dai faɗa wa kowa ba.

Na shiga, na ɗaura bel, na daidaita madubai kamar yadda nake yi kullum, na ɗora hannu biyu a sitiyari. Kawu ya zagaya baya.

"Bismillah, Uwata. Nawa ne?"

Ban ko motsa ba na gan shi. Yana tsaye tsakiyar madubin gefe, ɓaro-ɓaro, da yatsu biyu a sama. Mutumin da ya koya wa rabin direbobin unguwa inda madubi yake ƙarewa, ba zai ce ya manta ba. Dogo ma ya gani, ya kau da kai yana sosa kunne. Abin da ya rage in ɗan karkata kai don idon mutane, in ce biyu, in karɓi makulli.

Wani baƙin ciki ya rufe ni. Da raini ya yi min da na fi iya ɗauka. Sadaka ce zai ba ni da motata a gaban ɗalibai, gobe kuma in fita titi da matar mutane ban san ko zan ga mai babur ba.

Na sauke gilashi.

"Kawu, ina ganinka a madubi. Matsa."

"Ke dai faɗi kawai."

"Matsa inda ka ce. Kuma ka canza yatsun."

Kawu ya ɗan tsaya, sannan ya ja ƙafa gefe, ya ƙara ja, har ya fice daga madubin. Yanzu ba kowa a ciki sai katanga.

Na sauke kafaɗu. Na ja numfashi, na fara juyawa ina sakinsa. Ga taga, ga sandar ƙofa. Tsokar ƙeya ta fara ja, zafin nan da na sani, na dakata masa kaɗan, ban fizga ba. Na ƙara. Gumi ya tsatso min a goshi, idona ya kawo ruwa, na ji Mama tana cewa a bar ta haka don Allah. Ga gilashin baya. Ga bakin hannun rigar Kawu. Na ƙara ɗan kaɗan, ga hannun nan gaba ɗaya, tafi a buɗe yana fuskantata.

"Biyar," na ce.

"Ba ƙirga nake ba," in ji Kawu. "Cewa nake ki tsaya haka, ya isa."

"Biyar ne dai. A ba ni makulli."

Hajiya ta rangaɗa guɗa ita kaɗai, ɗalibai suka sa dariya, sabon direba ya mayar da hularsa kai. Kawu ya karɓi makullin daga hannun Dogo, ya zo bakin taga ya sunkuyo. Ya kalli matashin da ke bayan kaina, bai kalle ni ba.

"Ni na cire su, Uwata," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Na sani, Kawu." Na zura makulli, mota ta tashi. "Ce wa Mama ta matsa daga bayan nan, ribas zan yi."